Etiket ɗin Kawu Mutari Mai-Buji

Duk wanda ya zauna unguwar Zango a wancan zamani ya san mutumin da ke tafiya da lema amma rana na dukan tsakar kansa. Kawuna ne, Mutari Mai-Buji, yayan mahaifiyata. Faifan buji a hannun hagu, lema a hannun dama, inuwar duk a kan faifan, shi kuwa zufa na tsiyaya har gemu. Mutane su ce, “Malam Mutari, kanka fa?” Ya ce, “Kaina ba a Kano aka buga shi ba.”

Bujinsa, kyandir ke nan, na kakin zuma ne, a gida yake narkawa ya zuba. Amma wallahi ba bujin yake yi wa lema ba, takardar da ke naɗe a jiki yake yi wa. Etiket yake ce mata. Sau ɗaya a rayuwarsa ya je Kano, ya sa aka buga masa su dami guda, farare tas, masu sheƙi, da hoton garkar dabinon gidansu ta Gidimuni, lambu ke nan, ruwa a gabanta, a ƙasa an rubuta: kakin zuma zalla. Tun daga ranar ba shi da abokin gaba kamar launin ruwan ɗorawa. Rana na sa takarda ta yi ruwan ɗorawa, hayaƙin murhu na sawa, maiƙon kaki na sawa, shi ya sa sai ya fara naɗe bujin da wata takarda kafin ya manna etiket da ƙaro. Mafi sharri a wurinsa yatsan ɗan Adam. Ka miƙa hannu za ka ɗauka, sai ka ji tsawa: “Hannu a gefe! Kar ka taɓa fuskar!”

Ni Hadiza na san wannan tsawa fiye da kowa, domin shekarar da fari ya ƙone mana gero a Hamdara, mijina ya tafi kudu neman abinci, na kwaso 'ya'yana uku na sauka gidan Kawu. Ranar da na iso, da ƙurar hanya a ƙafata, sannu da zuwan da na samu ita ce, “Yaran nan suna da maiƙo a hannu?” Na ce, “Kawu, maiƙo? A ina suka gan shi?” Ya ce, “To, madalla.” Matarsa Inna Zara ta ce, “Ka ji mutum! Madalla da yunwa!”

Ita Inna Zara ce ta jawo masa wani abin kunya ba da saninta ba. Ya ga tana sa wa farin zanenta bula, shuɗin nan na wanki, zane ya fito fari fes. Sai idonsa ya yi haske. Ya jira ta fita, ya ɗauki etiket goma da suka fara canza launi ya tsoma su a sauran ruwan. Takardu suka kumbura, sheƙi ya ɓare, dabino ya zama shuɗi. Ta dawo ta iske shi tsugune gaban kwarya. Ta ce, “Malam, in shanya maka su ko in kai wa mai guga?” Bai ɗago ba, ya ce, “Aƙalla ba su yi ɗorawa ba.”

Damina ta biyu ma ta ƙi. Bishiya ba fure, ƙudan zuma ya gudu, masu amya suka daina kawo kaki. Labari ya zo daga Gidimuni cewa ruwa ya ja baya, dabinon gidansu na bushewa ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya zuba bujinsa na ƙarshe, ya sayar, ya wanke tukunya ya kife. Sauran etiket ya naɗe su a farin ƙyalle, ya ɗauke babbar randar Inna, wadda ta fi kowace sanyi, ya sa su ciki ya rufe a ƙuryar ɗaki. Inna ta ce, “Randar ruwana, Malam?” Ya ce, “Ruwan da ake samu yanzu, buta ma ta ishe shi.” Ba ta yi dariya ba, domin gaskiya ya faɗa.

Daga nan muka shiga wahalar da ba na son tunawa. Jar dawar taimako, sai an yi layi tun safe, wata rana a samu, wata rana a dawo da kwano wayam. Autana Sani ya daina kuka ma, sai kallo. Ana cikin haka wani ɗan kasuwa, Alhaji Kanta, ya yi sallama. Ya sayo buji na kanti masu arha, irin masu hayaƙi, yana son ya manna musu etiket ɗin Kawu tunda mutane sun yarda da ita. Ya ce zai ba da buhun gero. Buhu, jama'a! Ina bayan ƙofa ina ji.

Kawu ya ce, “Alhaji, bujinka na kakin zuma ne?”

Ya ce, “Wa zai lasa ya gani?”

Kawu ya ce, “Takardar ta ce zalla. Ni na sa aka rubuta.”

Alhaji ya kaɗe riga ya tafi. Ni kuwa na fito na manta da cewa kawuna ne. Na ce, “Kawu, takarda za mu dafa? Ka dubi yaron nan! Allah ya isa tsakanina da takardunka!” Har yau in na tuna kalmar nan sai na ji kunya ta rufe ni. Ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

Washegari ya fita da babbar rigarsa ta Juma'a a kafaɗa da lemarsa. Da la'asar ya dawo ba riga, ba lema, sai ƙullin gero a ka. Inna ta ce, “Ina lemar?” Ya ce, “Lemar ta buji ce. Buji kuwa babu.” Geron nan ya riƙe mu kwanaki, kuma daga baya na gane nasa rabon fura Sani yake tura wa, ya ce wai shi cikinsa ba ya son tsami.

Bai ga ruwan sama ba. Zazzaɓi ya kama jikin da ba komai a cikinsa, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Abin da ya ce da ni na ƙarshe shi ne kar a buɗe randa sai ƙudan zuma ya dawo, in ya dawo in ci gaba da sana'ar, kuma hannu a gefe.

Sai bayan damina biyu wani mai amya daga Hamdara ya yi sallama da curin kaki a buhu, yana tambayar Malam Mutari. Muka yi kuka, muka shiga ƙurya ni da Inna, muka buɗe randa. Takardu farare tas kamar jiya aka bugo su. Sai ta sama kaɗai. A tsakiyarta, daidai kan ruwan da ke gaban dabino, ga tabon babban yatsa, ruwan ɗorawa sosai, sheƙin wurin har ya goge.

Na ce, “Inna, wa ya taɓa fuskar?”

Ta share ido da bakin mayafi ta ce, “Wa kike zato? Kullum bayan azahar in ya turo ƙofar nan, ita yake cirowa. Garkar ubansa yake shafawa.”

Sauran na manna su duka a kan kakin zuma zalla. Waccan ɗaya tana cikin randa har yanzu. Allah ya jiƙan Kawu Mutari, ya yafe masa, ya yafe mini abin da na faɗa masa. Allah ya sa shi a inuwa mai sanyi, kusa da ruwan da ba ya ja da baya. Amin.