Baba Mai Koto da 'Yar Wuƙarsa

Kafin rana ta ɗaga, Baba Mai Koto ya riga ya shimfiɗa buhunsa a gindin bishiyar da masu fatsa ke ɗaure kwale-kwale. Ga gwangwanin tana cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga na fara, ga bokitin da 'yan ƙananan kifaye ke zagaye a ciki da ransu. Tun muna yara sana'arsa ke nan, sayar da koto, abin da ake maƙala wa ƙugiya don kifi ya haɗiya.

Sai dai ba ya miƙa wa kowa gwangwani sai masu raga sun fito. A cikin kamunsu zai zaɓi babban kifi ɗaya da ƙarami ɗaya, ya zaro 'yar wuƙarsa da washi ya cinye rabinta, ya tsaga cikinsu, ya baje abin da ya samu a tafin hannu. Abin da kifi ya ci jiya, shi Baba zai sayar yau.

Masu fatsa kan tsokane shi. "Baba, wai kai likitan kifi ne ko mahauci?"

"Mai abinci ne ni," in ji shi. "Kai da kake tambaya, abin da kake sha kana goye shi kake sha yanzu?"

Kowa a bakin ruwan nan yana da abin da ya tsinta a wurinsa. Da damina, idan ruwa ya yi ja ya hau kan ciyawa, sai ya ce tarwaɗa hanci take bi, a ba ta tana. Idan gara mai fiffike ta fito bayan ruwan farko, ya ce ƙananan kifi sun koma kallon sama, kada a nutsar da ƙugiya. Wanda ya zo neman abin da bai dace da ranar ba, Baba ya gwammace ya koma gida da kayansa da ya sayar masa.

Nawa labarin a kan babban ɗana ne. Da aka rufe wurin aikinsu, kawunsa ya ara masa kwale-kwale. Ya fara da damina, da tana, kuma Allah ya ba shi sa'a. Daga nan ya ɗauka tana ce maganin kowane kifi. Sanyi ya shigo, ya sayi manyan ƙugiyoyi don giwan ruwa, yana ta cusa musu tana. Kullum ya dawo da kwando wayam, ga matarsa da tsohon ciki. Abokansa kuma suna ta kiransa a waya, suna kwaɗaita masa irin tafiyar nan ta neman kuɗi a ƙetare da samari ke yi, wadda wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ranar da uwarsa ta ga jaka a ɗaure a ƙarƙashin gadonsa, na gane shirin tafiya yake yi.

Na je wurin Baba ina magana tana sarƙewa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Kada ka yi masa wa'azi, kunnensa ya cika. Ka ce ina roƙo ya zo ya riƙe min wuƙa, idona ya fara hazo."

Yaron ya zo yana cin magani. Baba ya tura masa ƙaramin kifi. "Tsaga, jikana. Me ka gani?"

"'Yan ƙwari ne, Baba, da wasu tsutsotsi."

"To tsaga wannan ƙaton."

Ya tsaga giwan ruwan. Sai ga 'yar karfasa guda, ko narkewa ba ta gama yi ba. Ya tsaya yana kallonta.

"Ka gani? Kai kana bin magidanci da abincin jariri. Ko ni ka kawo wa, sai na juya maka baya."

Masu raga suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi, irin wanda na daɗe ban gani a fuskarsa ba. Baba ya kamo hannunsa ya tsoma a ruwa. "Ji sanyi. Yanzu manya suna can ƙasa gindin duwatsu, jikinsu ya mutu, ba za su yi tsere da kowa ba. Bar sammakon nan. Jira rana ta ɗumama ruwa, ka sa ɗan kifi mai rai, ka saukar masa har bakinsa, ka yi shiru."

Ranar bai kamo komai ba, washegari ma haka, ni kuwa idona yana kan jakar nan. Baba bai fasa aiko masa da koto ba kowace safiya. Wata la'asar sai muka ji hayaniya a ƙofar gida: yaron ne da giwan ruwa a kafaɗa, wutsiyar tana dukan ƙugunsa. Bai shigo ba sai da ya fara kai wa Baba ya shafa.

Baba, kai ne ka ga abin da ni ubansa na kasa gani, cewa ba zuciya yaron ya rasa ba, sani ya rasa. Kai ne ba ka taɓa ce masa kada ya tafi ba, ka dai ba shi dalilin fitowa gobe. Mai wuƙar da ba ta ƙarya, Allah ya saka maka da alheri.

Bana Baba ya ajiye sana'a, domin hazon da muka zaci dabara ce ashe gaskiya ne, idon ya tafi. Amma har yanzu ana riƙo hannunsa zuwa gindin bishiyar. Ɗana ne ke tsagawa yana faɗa masa abin da ya gani, shi kuma ya murza da yatsa, ya sansana, ya ce, "Ruwa ya kusa sauka, a fara haƙar tana."

Duk mai wani sani a hannunsa, komai ƙanƙantarsa, ya dubi tsohon nan ya miƙa wa na baya tun ido yana gani. Jakar nan tana nan a gidana. Ƙugiyoyi ne a ciki yanzu, kuma jikata ce ke jan igiyarta tana koyon tafiya.