Takalmin Auta

Babanmu ba da fuska yake gane mutum ba, da ƙafa yake ganewa. Shekara arba'in da biyu ya yi a rumfarsa ta ɗinki da gyaran takalma, a bakin titi daura da tashar mota, kansa a sunkuye, ƙafafu na wuce shi tun safe har yamma. Idan ka ce masa, "Baba, ka tuna mai shagon nan da ya tashi?" sai ya ce, "Wanda dunduniyarsa ta hagu ke cinyewa ta waje? Na tuna shi." Ranar da Baban yara ya fara zuwa gaishe shi, kafin aurenmu, ko kallon kirki bai yi wa fuskarsa ba. Da ya tafi ya ce min, "Takalminsa tsoho ne, amma a goge yake. Zai riƙe ki." Kuma ya riƙe ni ɗin.

Dokoki biyu gare shi, babu mai taɓa su. Ta farko, duk ɗan da aka haifa a zuriyarsa, da takalmin da ya ɗinka zai yi takun farko. Zai ɗora ƙafar jariri a kan kwali, ya zagaye ta da fensir, ya yanka fata mai laushi, cikin kwana biyu ya gama. Kwalayen nan duk suna cikin wani tsohon gwangwanin biskit, har da nawa, ɗan mitsitsi kamar ganye. Doka ta biyu kuwa ita ce ta sha haɗa shi faɗa da iyaye mata: ba ya barin wurin girma. Mace ta ce, "Ka ɗan ƙara, yaro ne, zai girma," sai ya ajiye basilla ya ce, "Idan ya girma ki dawo da shi, ba mutuwa zan yi ba. Ƙafar yau nake ɗinka wa."

Ina da cikin wata takwas na ɗana na uku aka kira ni cewa Baba ya faɗi a rumfa. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta dama. Mamanmu ta riga ta rasu, don haka da aka sallame shi daga asibiti gidana na kawo shi, muka gyara masa ɗakin da ke kusa da ƙofa. Magana ta dawo a hankali, tana ɗan jan ƙafa. Hannun dama dai ya kwanta a cinyarsa ya ƙi tashi. Akwatin kayan aikinsa na tura ƙarƙashin gadonsa, wata da watanni bai tambaye shi ba. Wannan ya fi komai tsorata ni, fiye ma da abin da likita ya faɗa min a gefe, cewa ciwon kan iya dawowa.

Gidana kuwa ba gidan jinya ba ne, gidan maza ne. Babban, mai shekara bakwai, Sarkin Tambaya muke ce masa, don ko ruwa ka ba shi sai ya tambayi inda ruwan ya kwana. Mai bi masa, ɗan shekara huɗu, Guguwa, bai san ana shiga ɗaki ta ƙofa a hankali ba. Sai kuma Auta ya iso, namiji shi ma, har Baba ya raɗa min Uwar Maza. Duk wadda ta ce min 'ya'ya maza sun fi sauƙin raino, ina gayyatarta ta zo ta yi yini ɗaya. Na taɓa ciro cokali daga cikin rediyo, da rediyon daga cikin bokitin wanka.

Likitar gashin ƙashi ta ce a riƙa fitar da Baba ya sha iska, kada ya zauna yana kallon bango. Shi ya sa duk Asabar da safe muke ɗura kanmu cikin tsohuwar motar Baban yara: keken guragu na Baba a naɗe a but, tabarma, filas ɗin shayi, biredi, ayaba, da jakar Auta da ta fi ta kowa nauyi. Mu tafi lambun shaƙatawa mai ɗan tafki da agwagi. Yara su bazu, Baban yara ya bi su yana haki, ni in zauna kusa da keken. Baba ba ya kallon ruwa, ba ya kallon bishiya. Ƙafafun masu wucewa yake bi da ido, lokaci-lokaci ya yi tsaki ya ce, "Gam suka shafa, ba ɗinki. Sati uku zai yi."

A wannan lambun Auta ya fara zama da kansa, yana da wata shida. Ya yi tangaɗi, ya dafe tabarma, ya zauna daram yana zubar da yawu, ƙafafunsa biyu a miƙe suna kallon kakansa. Baba ya daɗe yana kallonsu. A hanyar komawa gida, babu wanda ya tambaye shi komai, ya ce, "Uwar Maza, akwai kwali a gidan nan?"

Na juya fuskata wajen taga don kada yara su ga idona.

Da hagu ya zagaye ƙafar, layin yana rawa. Aikin kwana biyu ya koma na wata biyu da rabi. Yakan danne fatar da gwiwarsa, ya huda da hagu, ya ja zaren da haƙori. Idan na ce in taimaka, ya ce, "Je ki duba tukunyarki." A cikin wannan lokacin Auta ya fitar da haƙora biyu, ya gwada su a yatsan kowa, ya fara rarrafe da baya kafin ya gano gaba. Ranar da aka gama takalmin, duk gidan muka taru a ɗakin Baba. Aka kawo ƙafa, aka tura, aka murɗa, aka lallaɓa. Ko rabi ba ta shiga ba. Baba ya auna ƙafar wata shida, ga shi yaro ya kusa tara, kuma duk abin da ya ci a ƙafa yake sauka.

Guguwa ya fashe da dariya. Sarkin Tambaya ya ce, "Kaka, takalmin ne ya ƙanƙance ko ƙafar ce ta kumbura?" Baba ya juya takalmin a hannunsa, ya dubi jaririn ya ce, "Abokina, ka yi min wayo." Sannan ya ce a kawo wani kwalin.

Daga nan ne na fara lura da wani abu. Auta ya kai wata goma, ya fara kama kujera yana miƙewa, amma da zarar ya tsaya sai in ga ya koma zaune. Wata goma sha ɗaya, haka. Ya cika shekara, haka. Yayyensa duk kafin shekara suka taka. Maƙwabciyata mai saƙa ta fara yi min irin tambayar nan mai kama da jaje: "Har yanzu dai shiru? To, kowane yaro da lokacinsa." Na kai shi awo, aka duba aka ce ƙafarsa ƙalau. Na dawo ina ta saƙe-saƙe a raina.

Wata rana ina wanke-wanke na leƙo ta taga. Auta ya kama ƙafar gado ya miƙe, ya saki hannu ɗaya. Sai na ga Guguwa ya taho a guje, ya kama shi ta kugu ya dangwarar da shi a ƙasa, ya cusa masa ƙwaryar zare a hannu. Baba na zaune yana gyaɗa kai.

Na fito da kumfa a hannuna. "Kai, me ka yi masa?"

Guguwa bai iya ɓoye komai ba. "Kaka ne ya ce duk sanda ya tashi mu zaunar da shi. Yau sau huɗu na yi. Yaya sau biyu kawai."

Ashe wata biyu ke nan ana yi min wannan aiki a cikin gidana, tsoho ɗaya da yara biyu sun haɗa kai sun hana min ɗa tafiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ni idan raina ya ɓaci bakina ba ya jiran izini. Na kori yaran waje, na ce, "Haba Baba. Ina ta yawon asibiti, ina kwana da tunani, ashe kai ne? Saboda takalmi? Ƙasa za ta cinye shi ne in ya taka ta babu takalmi?"

Bai ɗaga murya ba. Ya kama hannunsa na dama da na hagu, ya ɗaga shi, ya sake shi ya faɗi a cinya. Ya ce, "Ke da 'yan'uwanki biyar, da 'ya'yanku goma sha ɗaya, babu wanda ya taka ƙasa ba da aikina ba. Idan wannan ya taka babu, to na san an rufe rumfa ke nan. Saura kaɗan, Uwar Maza. Na hagu ya kusa."

Tausayinsa ya kama ni, haushin kuma bai tafi ba. Na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna gabansa. Na ce, "To ga sharaɗi. Babu mai ƙara zaunar min da yaro. Kai ka huda, ni in ja zare. In ka ƙi, gobe da kaina zan koya masa gudu."

Ya harare ni, na harare shi. Shi ya haife ni, ya san ba wasa nake ba. Ya miƙo min zaren.

Ban taɓa shan zagi irin na wannan satin ba. "Ja da kyau, ba gashin kanki kike kitsewa ba." "Wannan ɗinki ne ko tafiyar ɗan maye?" Sau uku ya sa na warware. Amma yana zagin yana murmushi ta gefen bakin da ke motsi, kuma na ji yana 'yar waƙarsa ta rumfa a ƙasan maƙoshi, wadda rabona da ji tun kafin ya faɗi. Ranar Juma'a muka gama na hagu. Na dama saura ɗinkin gefe ɗaya.

Asabar muka tafi lambu da aikinmu a leda. Baba ya ce a sa wa Auta na hagun ya saba da shi, ya shiga kuwa lafiya lau. Na shimfiɗa tabarma, Baba na hudawa, ina ja. Baban yara yana yanka biredi, manyan suna jefa wa agwagi ɓawon. Sai wata agwagwa mai ƙarfin hali ta fito daga ruwa, ta nufo tabarmarmu tana rangaji.

Auta ya kama tayar keken kakansa ya miƙe. Ya dubi agwagwar, ya saki tayar.

Guguwa ya zaburo, saboda sabo. Baba ya ce, "Ƙyale shi."

Muka zuba masa ido, zare na hannuna, basilla na hannun Baba. Yaron ya buɗe hannuwa, ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, yana tangal-tangal kamar agwagwar da yake bi. Ya yi na uku, na huɗu, na biyar, sannan ya zube a ciyawa ya waiwayo yana dariya da haƙoransa shida. Baban yara ya jefar da wuƙar biredi ya sure shi sama. Yayyen suka kama tsalle, agwagwa ta ga abin ya fi ƙarfinta ta koma ruwa. Ni dariya nake, amma ga takalmin dama na kan cinyar Baba ba a gama ba. Na kasa duban fuskarsa.

Can na ji ya ce, "Sarkin Tambaya, zo nan. Yau ni zan tambaye ka. Wace ƙafa ya fara ɗagawa?"

Yaron ya tsaya ya yi tunani da gaske, har da rufe ido. "Ta hagu, Kaka. Mai takalmin."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. Ina kallo."

Baba ya jingina da keken ya sauke numfashi. Ya ce, "To, da aikina ya fara. Ni da abokina duk da hagu muke lallaɓawa." Hawaye na bin gefen fuskarsa, bai share ba, ni ma ban share nawa ba. Sai ya zungure ni da gindin basilla ya ce, "Ke kuma me kike jira? Ja zaren, yaro na tafiya da ƙafa ɗaya a waje."

Kafin a gama shan shayi muka ƙulle ɗinkin ƙarshe. Na ɗora Auta a cinyata na sa masa na dama, na danna kan takalmin da babban yatsana kamar yadda na ga iyaye mata na yi a rumfa tun ina yarinya. Yatsana ya nutse. Na danna na hagun, shi ma haka. Akwai wuri, kusan faɗin yatsa guda.

Na ce, "Baba, ka bar wurin girma."

Ya kau da kai wajen tafki, kamar an kama shi da satar nama. Ya ce, "Na bari. Hannun nan ba ya sauri. Ai sai ya samu abin sawa kafin mu gama na gaba."

"Na gaba?"

"Ƙafa tsayawa take yi? In mun koma gida ki nemo kwali. Kuma wannan karon ki gyara jan zarenki, kada a ce ni na koya miki."