Malam Habu da Hitar Gwanjo

Ina saman rufin wani gida a Babban Mutum ina ɗaure faifan sola, Lawal ɗan Malam Habu ya kira ni ya ce mahaifinsa ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sauko daga tsani, na bar kayan aikina a can sama, na hau babur na nufi Daura.

Malam ne ya koya mini aikin lantarki a shagonsa na bayan kasuwa. Mutum ne mai faɗa, wannan ba zan ɓoye ba. In ka haɗa waya a karkace sai ka kwance ka sake, ko da mai aikin na tsaye yana jira. Abin da ya fi tsana shi ne a jona abu ba a karanta rubutun da ke jikinsa ba. Yakan ce, "Wayar hannu cin kaza take yi, tsinta ɗai-ɗai. Amma mai yin zafi mayunwaci ne, ka san girman cikinsa kafin ka gayyace shi."

Wata damina matata ta haihu a gidanmu na Dutsi. Babbar 'yarmu Hafsatu tana fama da asma, kuma na'urar da ke fesa mata magani da batirin solarmu take aiki. Hadari ya yi kwanaki bai yaye ba, batirin bai cika ba. Sai ga surukata, Inna, ta zo zaman jego da hitar ɗumama ɗaki ta gwanjo, ta ce a kunna wa mai jego. Na san abin da zai faru: hitar za ta shanye batirin. To amma wane ne ni da zan buɗe baki in musa wa suruka a ɗakin 'yarta?

Ana cikin haka Malam ya zo barka. Ya ga kwalin hitar, ya juya shi, ya durƙusa ya gaishe da Inna.

"Hajiya, kin ga wannan dubu biyar ɗin da aka rubuta a jikin kwalin? Da mudun masu ɗumama ɗaki aka auna, Bi-Ti-Yu suke ce masa. Namu mudun wat ne. In an raba uku da ɗan ɗoriya, wat dubu da ɗari biyar ke nan. Na'urar jikarki ko ɗari ba ta ci. In hitar nan ta zauna cin abinci, yarinyar ba za ta samu ko loma ba."

Inna ta ce, "Haba Malam! Mu da muka tsufa muna jego, yau kuma sai da lissafi? Jego ai sai da wuta."

Ya ce, "Gaskiyarki, Hajiya, jego sai da wuta. Ki bar mini kawo ta."

Ya fita cikin yayyafi, ya dawo da kasko da buhun gawayi da itacen dafa ruwan wanka a bayan babur, rigarsa sharkaf. Ya gargaɗe mu kada a rufe taga in an hura. Kafin ya tafi ya ware wa na'urar soket nata, ya shafa masa jan fenti, ya ce kowa ya taɓa shi da shi zai yi.

Washegari da hantsi, ana tafka ruwa, numfashin Hafsatu ya sarƙe. Hanya ta cika da ruwa, babu zancen asibiti. Na kunna na'urar, ta tashi. Inna ce ta rungume yarinyar har ƙirjinta ya lafa. Daga baya da hannunta ta mayar da hitar cikin kwali.

Ranar sadakar uku, matata ta ba ni labarin abin da ya faru a cikin gidan Malam. Wata baƙuwa ta ɗauko butar lantarki za ta dafa wa masu gaisuwa shayi, Inna ta riƙe mata hannu ta ce, "Ajiye, 'yar nan, a hura gawayi. Mai yin zafi mayunwaci ne." Matar Malam tana jin haka ta fashe da kuka. Ni ma da aka faɗa mini sai da na yi hawaye.

Allah ya jiƙan Malam Habu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya Lawal da ƙannensa a kan gaskiyar mahaifinsu. Hafsatu yanzu da gudu take zuwa makaranta. Ya Allah, ka sa kowane numfashi da take ja ya zama lada mai isa gare shi. Amin.