Malam Labaran da Jan Rubutu a Kwamfutarsa

Malam Labaran malamin gona ne, ya yi aikinsa yana yawo a babur tsakanin Achika, Utai da Indabo har ya yi ritaya. Mutum ne dogo, mai magana a hankali, ba ya wuce gona bai tsaya ya leƙa ƙasan ganye ba. Da ya ajiye aiki bai iya zaman gida ba. Abin da ke damunsa shi ne tsofaffin manoma suna ta rasuwa da abin da suka sani na irin dawa da gero na dauri, da yadda ake adana shi a rumbu. Sai ya fara bin su da wayarsa yana naɗar hirarsu. 'Yarsa da ke aure a Kano ta kawo masa tsohuwar kwamfutarta ta hannu, a ciki yake tara muryoyin.

Wata rana bayan la'asar yana zaune a zaure, yana neman manhajar kyauta da za ta rage hayaniyar iska a hirar Baba Ya'u na Achika, wanda ya rasu a daminar da ta wuce. Sai fuskar kwamfutar ta cika da jan rubutu na Turanci, ga ƙara kamar jiniya. Rubutun ya ce bairos ya shiga, komai zai goge idan bai kira wata lamba nan take ba. Ya danna nan, ya danna can, abin ya ƙi gushewa. Ga shi muryar Baba Ya'u babu ita ko'ina sai a nan.

Ya kira lambar. Wani mutum mai ladabi ya ɗauka, ya kira shi Baba, ya ce daga kamfanin kwamfutar yake. Ya ce za a gyara, amma sai Malam ya sauke wata manhaja da za ta ba shi damar shiga daga nesa. Malam Labaran har ya fara bin umarninsa. Sai mutumin ya ƙara da cewa kada ya kashe na'urar, kuma kada ya gaya wa kowa, don masu gyara na gari lalata ta za su yi.

Nan Malam ya tsaya. Duk shekarun aikinsa abu ɗaya yake nanata wa manoma, in ka ga tsutsa a gonarka ka gaya wa maƙwabcinka tun da wuri. Bai taɓa ganin cutar da maganinta shi ne ɓoyewa ba. Ya ce wa mutumin zai yi shawara tukuna, ya katse kiran, ya kashe datar wayar da kwamfutar ke amfani da ita. Lambar ta yi ta kira, bai ɗauka ba.

Matarsa Rahinatu ce ta tuna masa da Marta, maƙwabciyarsu 'yar kudancin Kaduna da ke aiki a ɗakin kwamfutoci na jami'a. Ta yafa mayafi ta je ta kira ta. Marta ta shigo, ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi gida da jiki, sannan ta jawo kwamfutar gabanta. Da ta ji bai sauke manhajar ba, ta yi ajiyar zuciya.

"Baba, wannan ba daga kwamfutarka ya fito ba," in ji ta. "Shafin intanet ne kawai aka yi masa kwalliya don ya tsorata ka. Gargaɗi na gaskiya ba ya ba ka lambar waya."

Ta nuna masa maɓallan da ake dannawa tare a rufe manhajar shiga intanet idan ta ƙi rufuwa, ta sa shi ya yi da hannunsa. Jiniyar ta yi shiru. Ta share izinin da shafin ya samu na turo sanarwa, sannan ta sa manhajar kariya da ta zo da kwamfutar ta bincika komai. Binciken ya ɗauki lokaci, Rahinatu ta kawo musu kunun tsamiya. A ƙarshe aka samu wata 'yar manhajar talla da ta maƙale tun wani abu da ya sauke a baya, aka cire ta. Malam ya buɗe hirar Baba Ya'u, muryar tsohon ta fito tana bayanin irin dawa, kaura da farfara, har da tarinsa. Ya yi wa Marta godiya.

Washegari ya sayo filas biyu na ajiyar bayanan kwamfuta a kasuwa, Marta ta koya masa kwafe muryoyin. Ɗaya ya ajiye a gida, ɗaya ya aika wa 'yarsa Kano. Bayan wasu watanni wani jan rubutun ya sake fitowa, ya rufe shi da kansa ya ci gaba da aikinsa, sai da yamma ya ba Marta labari a ƙofar gida. A majalisarsu ma yakan gaya wa abokansa, tunda irin wannan saƙon yana zuwa har a waya.

Marta kuwa ta saba zuwa sauraron hirarrakin ranar Asabar. Da mahaifiyarta ta zo ziyara, ta kawo ta gidan, ta ce tsohuwar ta san noman acca sosai kuma babu wanda ya taɓa tambayarta. Malam Labaran bai taɓa noma acca ba. Rahinatu ta shimfiɗa wa baƙuwar tabarma a inuwar darbejiya, shi kuma ya ajiye wayar a tsakaninsu, ya fara da tambayarta a wane wata suke shuka.