Ranar da Gwaggo Rabi ta mare ni a kwari

Shekara biyar ke nan da rasuwar Gwaggo Rabi, yayar mahaifina. Ina 'yar shekara goma a lokacin, yanzu ina sakandare. Mutanen unguwarmu ta Nuzla a Jidda sun san ta da tiren lalle da turare a kasuwar Bab Makka, sun kuma san ta da baki. Ni ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. "Innata" take kirana.

A Jidda ruwa sai ƙarshen kaka yake zuwa, in ya zo kowa sai ya fita daji ya ga kore. Waccan Asabar Abba ya aro dabbab, ƙaramar motar ɗaukar kaya, ya kwashe mu, har da Umma da Gwaggo da abokansa biyu, zuwa wani kwari gabas da gari. Gwaggo ce ta matsa, wai tana kewar ganyen miya da ta tsinka da hannunta kamar a ƙauyensu na Nijar. Muka ratsa gonakin gero da ƙafa, taɓo yana cire mini silifa, har muka shiga tsakanin itatuwan ƙaya. Abba ya zagayo da mota ya ajiye a tsakiyar kwarin, inda yashi ya kwanta sumul. Sama fes take. Can kan duwatsu ne kawai hadari ya yi baƙi.

Aka shimfiɗa wa Abba da abokansa biyu tabarma, suka sa hannu a shinkafa. Ni na tsuguna gefen wani siririn ruwa ina wanke ƙafa. Ina kallo ya sauya launi, daga fari zuwa ja kamar shayi da madara. Sai ga kumfa, sai ƙirare, sai kashin awaki yana juyawa a kai. Na san ruwa ba ya tsami banza. Na miƙe na je bayan Abba na tsaya. A gidanmu yarinya ba ta katse maza suna cin abinci. Na buɗe baki, na rufe, na koma na tsuguna.

Gwaggo tana can sama tana tsinkar ganye. Ita ƙarar ruwan ta ji. Ta gangaro a guje, zani a hannu, ta sa ƙafa ta yi fatali da farantin shinkafar.

"Sale, tashi! Kai da aka haifa a bakin ƙorama, ka shimfiɗa tabarma a hanyar ruwa?"

"Yaya, lafiya? Ko gajimare babu..."

"Yalla, maza ku hau tudu! Halas, shi ke nan, bar motar!"

Kowa ya watse, ni ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Ta iso ta wanka mini mari har leɓena ya fashe, ta ɗauke ni ta wurga ni kan gangare. Abba ya cafke ni ta gashi. Da na juya, na ga ruwan ya kai tsayin mutum, baƙi ƙirin, yana tafe da duwatsu da akuya ƙafafu a sama. Wani kututture ya daki Gwaggo a ƙirji, na ji ƙarar ƙashi. Ta kama reshen ƙaya, ƙayar ta tsaga tafinta, dabbab ɗin ya wuntsilo ya bi ta kanta. Washegari aka same ta nesa da wurin, an ce sai da aka daɗe ana fitar da laka daga gashinta.

Yau ko hadari ya taso saƙo yake shigowa waya, a rufe makarantu. Nakan yi tunanin me Gwaggo za ta ce. Ina jin za ta yi tsaki ta ce waya ce za ta gaya mata ruwa. Amma da ta ga samarin da ke tsayawa bakin kwari suna ɗaukar hoton ambaliya, da sun sha zagi har na kakanninsu, ba ruwanta da ko ɗan waye.

Ana cewa baki shi ke yanka wuya. Shekara biyar ina ɗauke da sanin cewa shiru ma yana yankawa, ban gaya wa kowa ba. Sai watan jiya, muna tsince shinkafa, na ce, "Umma, na ga ruwan ya sauya tun kafin Gwaggo ta taso."

Umma ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsince shinkafar.

"Ni ma na gani," ta ce. "Jira nake babanki ya gama."

Gwaggo ba ta bar ɗa ba, tirenta ma an bayar. Abin da ta bari mu bakwai ne da muka hau tudun nan da rai. A cikin mata uku da muka san ruwa na zuwa, biyu an yaba mana kunya tun muna ƙanana, ɗayar kuwa ita ce duk unguwa ke cewa ba ta da ita. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Ƙanwata Hauwa ta fara magana da ƙarfi a gaban baƙi, kuma har yau ni da Umma ba wadda ta ce mata ta yi shiru.