Ranar da Muka Ce wa Masu Takarda Lafiya Lau

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da muka kai Yaya Hauwa makwancinta a bayan hillarmu, wato ƙauyenmu, kudu da garin Hajj Abdalla. Har yau in na hango farar mota tana gangarowa ta bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga, sai gabana ya faɗi. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ce ungozomar hilla. Mace ce mai murya, in ta yi sallama a gidan farko ana jin ta a na ƙarshe. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in fasa, domin hannuna ba fari ba ne a cikin labarin.

A shekarar da ta rasu, sanƙarau ya shigo tare da zafin bazara, muna kan tsinkar audugar ƙarshe. Allura kaɗan ce, motocin da za su raba ta ba su da yawa. Sai hukuma ta ba wani kamfani na birni kwangila ya zagaya ƙauyuka ya ji ra'ayin jama'a: ko sun yarda da allura, ko sun yarda a rufe kasuwa, ko ciwon ya dame su, ko sun gamsu da abin da ake yi. Daga baya muka ji cewa motar allura takardar nan za ta bi, inda aka fi kuka can za ta fara. A lokacin ba wanda ya gaya mana haka.

Abin da muka sani shi ne masu takarda na zuwa. Mu kuwa jikokin mutanen da suka biyo hanyar hajji ne suka zauna, kuma duk mai takardar da ya taɓa shigowa hillarmu, tambayarsa ta biyu ita ce ina jinsiyyarka, wato shaidar zama ɗan ƙasa. Ga tsoron karantina, a kewaye gari a hana fita, auduga ta zube a gona. Ga kuma tarbiyyar da muka tashi a cikinta, cewa ba a tarbar baƙo da kuka. Bayan la'asar dattawa suka taru a ƙofar shehun hilla, aka yanke magana ɗaya: duk wanda aka tambaya ya ce lafiya lau. Ina cikin waɗanda suka gyaɗa kai, alhali ɗiyata ta fari, 'yar shekara biyar, tana kwance a ɗakin Yaya Hauwa kwana biyu, wuyanta ya ƙi lanƙwasuwa.

Washegari da hantsi suka iso a farar mota, afandi uku, wato ma'aikata 'yan boko, da jaka. Aka shimfiɗa musu tabarma a gindin darbejiya, aka kawo shayi, har rago aka kayar. Masu gida suka yi layi, kowa ya zo ya ce alhamdulillahi, ya yaba wa hukuma, ya koma. Da ka ga yadda muke murmushi, ka ce biki ake.

Ana cikin haka sai ga Yaya Hauwa, mayafi a kafaɗa, ta ratsa tsakiyar maza ba ta ko rusuna ba. Da Larabci ta fara, da ya ƙare mata ta koma Hausa.

"Ya afandi, ƙarya sunka yi maka. Gida tara na shiga tun asuba, kowane da mai kwance. Ku tashi in kai ku ku gani da idonku."

Babban cikinsu ba mugun mutum ba ne, wannan kam zan faɗa ko a gaban wa. Ya ce mata takardarsa ta masu gida ce, babu gurbin mata a ciki. Amma ya tsaya, ya tambaya ko ita ta gidan wa ce. Aka nuna ni. Ya ɗaga alƙalami ya dube ni, ya ce, "Akwai marar lafiya a gidanka?"

Na dubi dattawa, duk idonsu a kaina. Yarinyar kuma ɗiyar fari ce, wadda kunya ba ta taɓa barina na kira sunanta a gaban mutane ba. Na ce, "Ma fi. Babu kowa." Na kama hannun yayata na ja ta gefe, har na ce musu su yi haƙuri, gajiya ce ta yi mata yawa.

Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi, "Sale, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mi kaka ɓoyewa, kuma don wa?"

Motar allura ta wuce ta bakin tur'a bayan kwana huɗu. Muna ganin ƙurarta, ba ta karyo wajenmu ba, domin a takarda mu mutane ne masu lafiya da gamsuwa. Ran nan Yaya Hauwa ta goya yarinyar da zane biyu, ta kama hanyar Hajj Abdalla a ƙafa cikin tsakar rana. Na bi ta a baya da butar ruwa, ina roƙonta ta ba ni goyon, ba ta ko waiwayo ba. A ɗakin magani aka ce allurar duk tana cikin mota, motar kuma ta nufi wajen Dinder. Ta durƙusa wa ma'aikacin, matar da ba ta rusuna wa shehun hilla ba. Ta ce a ba ta ko rabin ƙwaya ne. Babu. A hanyar dawowa, a gindin wata bagaruwa, ta tsaya ta kwance goyon a hankali, ta ce mini in juya fuskar yarinyar gabas.

Ba ta zauna makoki ba. Gida gida ta ci gaba da shiga da ruwan sanyi da tsumma, domin abin da ya rage mata ke nan. Dattawan da suka yanke maganar lafiya lau suka rubuta takardar kuka aka kai birni, amma ihu ne bayan hari. Kafin amsa ta zo, ciwon ya kama ta, kwana uku ta yi.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Yanzu muna da ɗakin magani a hilla, ko da yake sau da yawa kwalaben ciki babu komai. Yaranmu sun fi mu Larabci, ba sa rawar jiki in sun ga jaka. Ina jin za ta ji daɗin wannan. Amma masu takarda har yanzu gindin bishiya suke zama, har yanzu masu gida suke kira, ba wanda ya taɓa cewa a kira masa ungozoma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wajenmu mai ɗakin ba shi ne ke kwana a ƙarƙashin yoyon ba. Ban ga laifin hukuma ta nemi jin ra'ayin mutane ba. Abin da ke ci mini rai shi ne a rataya ran yaro a kan amsar da ubansa ya bayar cikin tsoro, da kofin shayi a hannu.

Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba. Abin da ta bari shi ne rabin samarin hillar nan da ta yanke wa cibiya, da kuma tambayar da ta yi mini, wadda ba ta bar ni na yi barci mai daɗi ba shekara goma sha bakwai.

Watan jiya wata farar mota ta sake zuwa, wai ana jin ra'ayi a kan zazzaɓin da ya addabi yara. Wani matashin afandi ya zauna a gindin darbejiyar nan, ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce masa babu lafiya, kuma ya gyara zama. Na aika aka kira mata, masu goyo da tsofaffi, suka cika wurin. Ya ce takardarsa ba ta da gurbinsu. Na ce ya juya bayanta ya rubuta, kuma ya fara da wadda ake bin su bashin rubuta sunanta tun shekara goma sha bakwai. Ya tambaye ni sunanta. A gaban dattawa, da bakina, na kira sunan ɗiyata ta fari, na ce Rakiya.