Takardar da Na Cika wa Maƙwabciyata

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Haka take buga bangon da gindin ludayi in tana nemana. Bangon katako ne da kwano, shi kaɗai ya raba ɗakina da nata a unguwar Hindawiyya ta Jidda, har tarin juna muna ji. Ran nan da hantsi ina tsince shinkafa ta buga, na ɗauka gishiri take so. Da na zagaya sai na tarar da ita zaune, takarda a kan cinyarta, ta riƙe ta da hannu biyu kamar mai riƙe da jariri.

Ba maƙwabciya ce kawai ba. Shekarar da maigidana ya kawo ni Jidda na haihu, nonona ya ƙi zuwa. Ita kuma ɗanta bai yi wata biyu da rasuwa ba. Ba mu roƙe ta ba, kukan jaririyar ta ji ta bango, ta shigo ta ɗauke ta ta sa a ƙirji. Shekara biyu tana shayar da ita. Yarinyar ta tashi tana ce mini Umma, ita kuma Inna. Bayan mijinta ya rasu sai ta koma sayar da gyaɗa soyayya a kasuwar Bab Makka, kullum da ƙullin 'yata a bakin mayafinta.

Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. A lokacin an baza magana cewa duk marar takarda ya je ya rubuta kansa, wai za a duba a gyara wa mutane zama. Unguwa ta ɗauka. Kullum bayan la'asar maza na shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, ni kuwa ina jin su ta taga ina dafa musu shayi. Maigidana, da yake direba ne mai takarda cikakkiya, ya tsaya a kan cewa ƙasar da ba ta tsare bakinta gida ce marar ƙyaure, kuma masu shigowa ta ɓarauniyar hanya su ke ja wa kowa zargi. Wani dattijo haifaffen Jidda yakan ce masa, “Yaro, kakana shekara bakwai ya yi a ƙasa kafin ya ga Ka'aba, ba wanda ya tambaye shi hoto. Kai da jirgin sama ya sauke jiya har ka zama mai gadin ƙofa?” A yi ta dariya. Sai abokinsu, Bahaushen Sudan mai fataucin raguna, ya ce su kwantar da hankali, mutanen Sudan dai ba mai taɓa su. Wai muddin ana layya ana hadaya, dabbobin ta teku suke zuwa daga can, kuma ba ka korar 'ya'yan wanda garkensa ke ciyar da baƙinka.

Ni ce mai sakandare a layinmu, duk takarda wurina take zuwa. Na zauna na cika sunanta, na cika na mahaifinta. Da muka iso wurin haihuwa sai alƙalamina ya tsaya. Iyayenta mutanen ƙasar Haɗeja ne, da ƙafa suka taso. A wata gonar auduga a Sudan aka haife ta, inda suka tsaya neman guzuri. Tana shekara uku aka tsallako teku da ita a kwalekwale. Ba ta san kowa a Sudan ba, ko sunan ƙauyen ba ta riƙe ba.

Maigidana ya dawo cin abincin rana ya same mu a haka. Shi da ke ta faɗa a kan tabarma, shi ne ya rage murya ya ce in rubuta Kano. Ya ce zai gaya wa kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, cewa 'yar'uwarsa ce, in ma abin ya ɓaci aka mayar da ita, gidan mahaifiyata na nan a Kano. Na nuna masa ƙasan takardar, inda aka ce mai cikawa ya shaida da Allah gaskiya ya rubuta. Na ce hannuna ba zai iya ba. Na kuma tuna masa maganar mai raguna, na ce ai Sudan ɗin ma ta fi tsira. Ya dube ni ya ce, “Maganar shayi kika ɗauka?”

Na juya wurinta. Ta ce, “Ƙanwata, ke ce mai ido. Abin da kika rubuta shi ne.”

Na rubuta Sudan. Har na gyara wasalin don ya fito da kyau.

Ranar da ta kai takardar ta bar wake a jiƙe, ta ce in ta daɗe in tsame mata. Na tsame, na shanya, na kwashe, ba ta dawo ba. Kwana tara muna yawo daga wannan ofis zuwa wancan. Kafilin maigidana ya yarda ya tsaya mata, amma aka ce masa magana ta ƙare, takarda ta riga ta faɗi ƙasarta. A bakin tashar jirgin ruwa na gan ta ta bayan shingen waya, cikin mata masu yawa da za a kai Sudan, da mayafin da ta fita da shi. Ba ta zarge ni ba. Cewa ta yi kada in bar yarinyar ta riƙa fita rana ba takalmi.

Mai raguna ya yi ta cigiya a can duk tafiyar da ya yi, har ya daina haɗa ido da ni. Ragunansa kuwa ba su fasa sauka ba ko sau ɗaya. Na tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce na yi daidai, ɗaya ya ce da na rubuta Kano da Allah bai kama ni ba, tunda can wajen ne tushen iyayenta. Har yau in na idar da salla ina sa ta a addu'a, ban san ko ta rayayyu zan yi mata ba ko ta mamata.

'Yata tana shekara biyar lokacin. Kwana da kwanaki tana ɗaukar ludayi ta buga bangon, ta kara kunne. Wata safiya ta gaji, ta je ta buɗe akwatina ta ɗauko alƙalamin, ta sa mini a hannu.

“Umma, ba ke kika rubuta Inna ta tafi ba? To ki rubuta ta dawo.”